Kwamfutar Kawu Tana Zazzaɓi

Litinin, 3 ga Maris
Na sauya wa kwamfutar Kawu madabod, wato babban allon cikinta, don na da ya ƙone ƙurmus. Kwamfuta ta tashi, muryar nan mai kama da ta mai mura ta gaishe shi, har ya shafa mata kai. Tun da idanunsa suka rufe, ita ke karanta masa komai. Matsala ɗaya: tsohon kanel, wato tushen manhajar da ke juya ta, bai san sensocin sabon allon masu auna zafi ba. Ba na ganin zafi, ba na ganin gudun fanka. Zafi kuwa shi ya kashe na baya.

Laraba, 5 ga Maris
Na ce a sabunta kanel kowa ya huta. Sai dai katin da ke ba kwamfutar murya ba ya aiki da sabo. "To ki bar min tsohona, 'yar nan," in ji shi. "Ba zan koma roƙon mutane su karanta min ba." Taurin kai dai na gidanmu ne.

Alhamis, 6 ga Maris
Daga ofis zuwa gidansa, hanya kamar ba za ta ƙare ba. Na gaji wallahi.

Asabar, 8 ga Maris
Na ɗauko direban sensa, wato 'yar manhajar da ke karanta ta, daga sabon kanel ina lallaɓa shi ya zauna a tsoho. Kuskure kan kuskure. Kawu na gefe da shayinsa yana ba ni labarin Mama tana ƙarama, wai ita ma haka take cije leɓe in abu ya ƙi ta. Ban taɓa jin wannan ba. Yaya aka yi ya san ina cije leɓe?

Talata, 11 ga Maris
Ya hau! Na haɗa shi da muryar don ta riƙa faɗin zafi. Bakinta na farko: "Digiri ɗari da ashirin da bakwai." Kafin in motsa Kawu ya lalubo wayar wutar ya fizge daga bango. Ashe wata kafar sensa ce da ba a jona ta da komai ba, shirme kawai take karantowa. Na rufe ta. Zafin gaskiya arba'in da biyu. Mun yi dariya har ya ƙware.

Lahadi, 16 ga Maris
Aiki ya kammala, babu sauran dalilin zuwa kullum. Na saita muryar ta yi gargaɗi in zafi ya kai sittin, ko da yake injin zai ɗauki tamanin lafiya lau. Taka-tsantsan ne kawai.

Ɗazu da rana ya kira. "Ta ce sittin da ɗaya, ko za ki leƙo?"

Na ce ya ɗora ruwan shayi.