Gwajin Kwalba da Makullin Gwaggo

Zuwa ga ƙanwata, rabin raina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya kare ku daga sharrin baƙunta, Ya sa albarka a neman da kuke yi. Mu a nan sai godiya. Auta tana nan tana fama da ɗalibanta da safe, da yamma kuma ta dawo ta yi fama da ni ubanta. Yayarmu ta samu sauƙin ƙafa, har ta koma yi wa kowa faɗa, kin ga kuwa ta warke ke nan. Maganin ɗigawa da kika aiko ya iso, ina sa shi kan lokaci, Allah Ya saka miki da alheri. In kin ga rubutun nan ya yi manya-manya yana hawa yana gangara, kada ki yi mamaki, kin san dalili.

Na zaɓi in rubuto ne domin a waya ba ma jin juna. Ke ki yi ta kuka, ni in yi ta taurin kai, har ranar nan na kashe miki waya kina tsakiyar magana. Abu biyu kika nema: in sayar da motata Gwaggo tun ban kashe wani ko na kashe kaina ba, sannan in tattara in taho wurinki, ɗaki ma kin gyara. Ban ba ki amsa ba a lokacin. Ga amsar, amma ki yi haƙuri in bi ta doguwar hanya, kin san hali.

Ke yarinya ce lokacin da na sayo Gwaggo, ba za ki tuna yadda nake ji da kaina ba. Na dawo daga karatu da takardar injiniya a hannu, ina ganin kamar ni ake jira a gyara duniya. Na zaɓi 'yar Faransa mai silinda huɗu saboda na karanta yadda aka gina ƙafafunta don muguwar hanya. To, hanyar ta ci gaba da lalacewa, ni kuma aka ajiye ni a bayan tebur ina sa hannu a kan aikin da ba za a yi ba. Yaran da na koya wa riƙon fensir suka zama iyayen gidana. Ranar da na ajiye aiki, agogon bango aka ba ni, wanda bai cika wata ba ya tsaya. Masu durƙusa mini a da, yanzu in sun hango ni sai waya ta kama su. Daga nan na yanke wa mutane hukunci, na ce duk wanda ya gaishe ka akwai abin da yake nema. A cikin duk abin da na tara a wancan zamani, Gwaggo kaɗai ce in na murɗa take amsawa.

Ita ce kuma ta kai ni majalisar da kike kira ta 'yan zaman banza. Wani gareji ne a bayan gidan mai, rumfar kwano mai yoyo, da benci biyu da tsohuwar kujerar mota da aka ɗora a kan bulo. Duk Asabar da hantsi muke haɗuwa, tsofaffi ne masu tsofaffin motoci, a sha shayi a buɗe bonet a yi ta musu. Akwai Tela, mai wata 'yar ƙaramar Japan da muke kira Akwatin Ashana. Kullum cika bakinsa shi ne motarsa ba ta shan mai, sansanawa kawai take yi, wai Gwaggo kuwa ko wucewa ta yi ta gaban gidan mai sai ta haɗiyi yawu. Ni kuma in ce masa motar da in babbar mota ta wuce ta sai ta yi rawa, ai keken ɗinki ce aka sa wa taya. Akwai Dogon Zango, tsohon direban manyan motoci, wanda ba ya ganin kowane inji da daraja in ba na dizal ba. A wurinsa injin fetur ɗan gata ne, filogi ɗaya ya jiƙe sai ya kwanta jinya. Sai Mai Gareji, wanda ba ya goyon bayan kowa sai dai ya zuga, don ya san duk wanda ya fusata zai kawo masa gyara.

Ni Ƙamus suke kira na, ba don yabo ba. In musu ya yi zafi sai in shiga ba su tarihi: yadda motocin farko suke kamar keken doki da aka cire wa doki, yadda ake tayar da su da hannu har ƙarfen ya karya wa mutum tsintsiyar hannu, da yadda tsadar man fetur ta shekarun saba'in ta sa duniya ta juya wa manyan injuna baya ta rungumi ƙanana. Tela yakan ce to ga shi tarihi ma ya ba shi gaskiya, in rufe littafin haka nan. Ni kuma in ce tarihi ya nuna talauci ne ya ɗaukaka motarsa, ba kyau ba. Dogon Zango yakan yi hamma ya ce a tashe shi in an zo babin dizal. Haka muke, ƙanwata. Ban taɓa ɗaukar su abokai ba, na ɗauke su abokan musu.

Muna da wata hanya ta raba gardama da muke kira gwajin kwalba. Mai Gareji zai zare tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya sa shi a cikin kwalba mai cin lita ɗaya, ya ɗaure ta a gefen inji. Mota za ta bi tsohuwar hanyar da ke bayan garejin, wadda aka daina bi tun da aka yi sabuwa, har sai ta shanye kwalbar ta mutu. Inda ta tsaya a aza dutse. Wanda dutsensa ya fi nisa shi ke da baki har gwaji na gaba. Dokar kuwa tun asali ita ce kowa shi zai tuƙa tasa. Dogon Zango ba ya shiga, tunda abincin motarsa daban ne, sai dai ya tsaya gefe yana zagin kowa.

Kin san abin da likita ya ce. Ciwon idon nan daga gefe yake cin gani, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Yanzu ina ganin duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu: abin da ke gabana sarai, na dama da hagu babu. Auta ta karɓe makulli a ranar da muka ga likitan, amma ba ta san ina da na biyu a cikin tsohuwar safa ba sai daga baya, shi ne ta kira ki. Ban gaya wa 'yan majalisa komai ba. A tunanina, ranar da suka sani, ranar zan zama abin tausayi, a daina musu da ni, a riƙa ce mini haka ne Baba. Gara a zage ni. Mutumin da ba ya tuƙi kuma me zai zo yi a majalisar masu mota? Don haka Asabar ɗin gwaji na saci jiki na fita, ina addu'a a kowace mahaɗa, da niyyar in yi na ƙarshe in dawo in yi miki biyayya, in ɓace musu ba sallama.

Ina isa, tun ban zauna ba, Tela ya tare ni da tsiya. Wai ya gano sirrin da ya sa Gwaggo ba ta jin kunya sosai a gwaji: ba injin ba ne, maguɗi ne. Wai ina sakin giya a gangara, ina taka totur kamar mai tsoron taka ƙwai, wai ƙafar ɓarawo gare ni. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na miƙe na shiga yi musu lacca, na ce ai dama gwajin nasu na jahilai ne, domin duk wanda ya shiga aji ya san in za a gwada abu biyu, sai an daidaita komai in ban da abin da ake gwadawa. Ƙafa daban-daban, nauyi daban-daban, sannan a ce inji ake aunawa? Na ce in da gaske suke, mutum ɗaya ya tuƙa dukkan motocin, mai mota ya zauna a gefe ya sa ido. Mai Gareji ya dafe kai ya ce kai, ilimi dai ilimi ne, shekara da shekaru ba wanda ya yi wannan tunani. Ya ce to ga Dogon Zango, ba shi da mota a ciki, kowa kuma ya tsane shi daidai wa daida. Tela ya yi ta gunaguni kamar an kayar da shi. Ni kuwa na miƙa makulli ina hura hanci, wai na yi nasara.

Da layi ya zo kan Gwaggo, na zauna a kujerar da ban taɓa zama ba tun da na saye ta. Dogon Zango ya gyara madubi, ya saurari injin, ya ce ba laifi, tsohuwar tana da sauran numfashi. Muka ɗau hanya a hankali. Sai da muka yi nisa da rumfar, idonsa na kan hanya, ya ce wai Ƙamus, yaushe zan daina raina musu hankali. Na ce me yake nufi. Ya ce tun ranar da na shigo na goge benci da gefen mota ban ko waiwaya ba suka sha jinin jikinsu. Da Tela ya miƙo mini shayi ta hagu na bar shi da hannu a sama, sai suka tabbatar. Ya ce tun daga lokacin, duk Asabar in na tashi tafiya, ɗayansu yana bin bayana har ƙofar gida, in an zo mahaɗa ya matso ya tare mini masu babur. Sati ɗaya shi, sati ɗaya Tela, wani lokaci Mai Gareji ya bar aiki ya bi ni. Ya ce da Akwatin Ashana ake raka ni, motar da nake zagi, ban taɓa ganin ta ba.

Ya ce sun gaji, gabansu yana faɗuwa, kuma sun san in suka ce in daina tuƙi zan yi zuciya in daina zuwa. Shi ne suka zauna suka shirya rigimar safiyar nan. Tela ne ya ce a bar shi da ni, ya san inda zai taɓa: a ce na yi maguɗi, a bar ƙofar lacca a buɗe, da kaina zan kafa dokar da za ta raba ni da sitiyari. Na juya fuska wajen taga. Shi kuma ya kyauta, bai dube ni ba, sai ya shiga zagin kafireta, wai ko rariya ta fi ta riƙe mai. Muna cikin haka Gwaggo ta yi tari ta mutu.

Mun sha kashi, ba kaɗan ba. Dutsen Tela yana can gaba, ko hango shi ba na yi. Da muka koma, Tela bai rage mini komai ba. Ya ce yanzu da aka cire ƙafar ɓarawo gaskiya ta fito, Gwaggo ba mota ba ce, rijiya ce. Ya yi ta rawa da kwalba a hannu, tsoho da jikoki. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ba wanda ya ce mini sannu, ba wanda ya ambaci ido. Na rama, na ce a jira a gwada hawan tudu da mutum biyar a ciki, a ga wadda za a tura. Mai Gareji ya ce an karɓa, wannan shi ne gwaji na gaba.

To ga amsarki. Kin yi gaskiya a kan tuƙi, ni ne ban da gaskiya, kuma ba kasafai kike jin haka daga bakina ba, sai ki adana. Dogon Zango ne ya maido ni gida ranar, a gabansa na damƙa wa Auta makulli na biyu. Na bar tuƙi har abada. Amma ba zan sayar da Gwaggo ba, kuma ba zan taso ba. Mota irin wannan in ta daɗe a ajiye lalacewa take yi, don haka an tsara duk Asabar ɗayansu zai zo ya karɓi makulli a hannun Auta, ya kai ni ya dawo da ni. Tela ma ya sa kansa a layi, wai yana so ya ji yadda masu asara suke ji. Na san ɗakin da kika gyara da zuciya ɗaya kika gyara shi, Allah Ya gina miki wanda ya fi shi a Aljanna. In Allah Ya yarda zan zo in kwana biyu a cikinsa tun ina iya ganin fuskokin yaranki. Amma zama, ki bar ni a nan. Na yi shekaru ina cewa ba wanda ya damu da wani, alhali mutum uku suna bin bayana ban sani ba. Ba zan tafi in bar su yanzu da na gan su ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina godiya da haƙurin da yake yi da danginmu. Ki gaishe da ɗanki Babban Yaya, ki ce ya dage da karatu ko da kawunsa bai ci ribar nasa ba, wataƙila shi ya dace. Ki shafa mini kan 'yan biyu da takwarar Inna. Yayarmu tana gaishe ki, Auta ma haka, ta ce in gaya miki yanzu tana samun barci. Allah Ya sada mu da alheri, Ya sa mu gama lafiya.

Ni ne yayanki mai taurin kai, wanda kika fi shi gaskiya wannan karon.