Tseren da Ya Bi ta Ƙofar Surukina

Tawa, 6 ga Nuwamba 1994

Zuwa ga Yaya Kadidiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da dukan mutanen Damagaram. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ina gaishe ta.

Kin tambaye ni ko Balki ta dawo. Ba ta dawo ba. Wata biyar ke nan tun da ta tafi gidansu a Kalfu haihuwar fari, an yi suna, an gama wanka, amma mahaifinta Baba Almustafa bai sa ranar dawowarta ba. Bai ce na yi laifi ba. Ni dai na san a wurinsa har yanzu baƙo ne ni, mushen lakwal, wato malamin makaranta, da aka turo daga gabas, kuma tun da muka shiga yajin aiki yake ganin zaman banza nake yi. Ɗiyata sau uku kawai na gan ta, Yaya, kuma abin yana cina.

To ga labari, kada ki yi dariya. Wasu Turawa masu aikin rijiyoyi sun haɗa kai da samarin gari za su yi tseren keke a kan duwatsu ran Lahadi. Su za su ba da aron kekunan, masu ƙatuwar taya kamar ta amalanke, kuma mutum uku na farko kowa zai tafi da nasa. Na ba da sunana. In na samu, kowace Jumma'a ina Kalfu. Kwana huɗu ina koyo a bayan gari, na faɗi sau shida, sai jiya na gane cewa ɗan ƙarfen da ke kusa da babban yatsa shi ke sauƙaƙa hawan tudu. Da ina tsammanin ado ne.

Abu guda ke damuna: dole a sa gajeren wando, ga shi hanyar ta bi ta gefen Kalfu. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Manzo

Tawa, 15 ga Nuwamba 1994

Yaya Kadidiya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da iyali duka, da fatan sanyin bana bai taɓa Inna ba. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da ta sha ƙasa.

Mu talatin da biyu muka tashi da hantsi. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Tudun Adar jan dutse ne zalla, keke yana tsalle, haƙorana suna haɗuwa, in na gangara kwari iska ta cika mini riga sai in ji ina dariya ni kaɗai. Wasu yashi ya kayar da su, wasu ƙaya ta fasa musu taya. Da muka doshi Kalfu sai na ga mutum ɗaya ne kawai a gabana.

Nan na hango shi. Baba Almustafa ne zaune kan buzu a gindin aduwa, daf da hanya, da dattawa biyu. Na ce a raina in sunkuyar da kai in wuce, wa zai gane ni cikin wannan hula mai kama da ƙwarya? Amma hannuna ya riga ya kama birki. Na sauka, na kwance takalmi mai igiya, na cire hula, na tsuguna ina jan wandon da ya ƙi rufe gwiwa.

Kin san gaisuwar dattijo ba ta da gajeriya. Ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi Inna da mutanen Damagaram, har hatsin bana bai bari ba. Ina amsawa, kekuna suna wucewa ta bayana, ɗaya, biyu, uku. Sai ya ɗaga sanda ya nuna hanya ya ce, "Mi kaka jira, ɗana? Tashi ka tahi, ga Annasara can ya wuce ka."

Bai taɓa ce mini ɗana ba sai ranar. Na hau ba tare da na ɗaura igiyar takalmi ba, na taka har numfashina ya kusa ɗaukewa. Na cim ma Baturen a hawan ƙarshe na wuce shi, amma na huɗu na zo. Na mayar musu da kekensu, na koma gida a ƙafa, kuma ban ɓoye miki ba, na ji zafi.

Jiya da safe sai ga saƙo daga Kalfu. Ashe Balki ce ta faɗa masa zan bi ta nan, shi kuma ya sa aka kai masa buzunsa bakin hanya tun da sassafe don ya ga abin da zan yi. Ya ce in zo ran Jumma'a in ɗauki matata da ɗiyata. Sharaɗinsa guda ne, in zo da dogon wando.

Tun jiya nake shara, na wanke randa sau biyu. Ki faɗa wa Inna jikarta za ta kwana gidan ubanta ran Jumma'a, in Allah ya yarda.

Naki cikin farin ciki,
Manzo