Lemun Inna da Bututun Ruwa

Litinin, 3 ga Maris
Baba mai gida ya ce zai sa a sare lemun Inna ranar Asabar ta sama. Wai saiwarsa ce ta fasa bututun ruwa, shi ya sa tsakar gida kullum a jiƙe, famfo kuma sai tari yake yi. Inna ce ta shuka lemun nan shekarar da muka kama haya a gidan, ina rarrafe. Ita ta yi shiru. Ni ban yi ba. Na ce masa saiwa ba guduma ba ce. Ya ce, "Kai yaro, da kai nake magana?" Sauran amsar tana bakina Inna ta take min ƙafa.

Laraba, 5 ga Maris
Littafin tsirran nan marar bango da na samo wurin mai tsofaffin littattafai yau ya yi rana. Shafi na sittin da biyu: saiwa ba ta fasa lafiyayyen bututu. Danshi take bi, sai inda ruwa ya riga ya fara yoyo take zuwa. Sau huɗu na karanta a shago, har ubangidana ya ce in ban ajiye na kama facin kekunan mutane ba, da takardun zai liƙe taya.

Alhamis, 6 ga Maris
Baba ba zai yarda da takarda ba, sai ya gani da ido. Na cika kwalabe biyu da yashi, na tura wake jikin gilashin. Ta farko ƙwaya ɗaya, gefe guda kawai nake jiƙawa. Ta biyu ƙwaya biyu dab da juna. Ƙanwata tana bi ɗaki-ɗaki tana shela wai Yaya ya zama likitan wake.

Lahadi, 9 ga Maris
Shiru. Wake ɗan rainin hankali.

Talata, 11 ga Maris
Saiwa ta fito! Fara sol, siririya kamar zare, ta sauka kaɗan sai ta karkata wajen danshi. Ba wanda ya nuna mata hanya! Na ɗauki kwalbar na zagaya tsakar gida da ita har na yi tuntuɓe da bokiti. Inna ta ce, "Ɗan nan, ko haihuwa aka yi maka?"

Alhamis, 13 ga Maris
Kwalba ta biyu ta fi daɗi. Saiwoyin sun kusa haɗuwa, sai kowacce ta fi zuba ƙananan saiwoyi a gefen da babu kowa. To ga shi nan. Saiwar gwaibar maƙwabta ta mamaye ƙasar da ke gindin katanga, lemu ya rasa wuri ya nufi wajen famfo.
Na kai wa Baba kwalaben. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. "Wannan ai wake ne, ba lemu ba." Na haɗiye abin da ya zo min. Ƙarshe dai ya yarda a tona kafin a sa zarto. In saiwa ce, a sare. In aikin mutum ne, lemu ya tsira.

Juma'a, 14 ga Maris
Na rubuta abin da zan faɗa masa gobe a gaban kowa. Shafi uku. Akwai wurin da ni kaina ya burge ni.

Asabar, 15 ga Maris
Ban san ta inda zan fara ba.
Ni da mai gyaran famfo muka tona, mai zarto yana jingine da lemun yana jira, 'yan haya duk sun fito. Saiwoyin kamar gashi, duk sun taru wuri ɗaya sun dunƙule. Na ce, "Baba, ka gani ko?" da ƙarfi, don kowa ya ji.
Mai famfo ya yaye su da hannu, sai ya tsaya. "Wane gwanin ne ya ɗaure bututu da robar tayar keke?"
Nan take na tuna. Shekara biyu da suka wuce, ina haƙa ramin sandar shanya, diga ta sami bututun. Na naɗe shi da roba, na mayar da ƙasa, ban gaya wa kowa ba. Wallahi har na manta.
Baba ya leƙa ramin ya ce ai ko ma wane ne ya ɗaure, saiwar ce ta sassauta ɗaurin. Mai zarto ya miƙe tsaye. Na dubi Inna, ta dafa reshe tana kallon ƙasa.
Na ce, "Ni ne."
"Me ka ce? Yau kuma muryar ta ƙare?"
"Ni na fasa shi, Baba. Ni na ɗaure. Tun ranar yake yoyo."
Sai Baba ya fashe da dariya har da riƙe ciki, tabarau ya faɗa rami. Inna ta ce, "Ashe shekara biyu kai kake shayar min da lemu a ɓoye? Allah ya yi maka albarka!" Gida ya ɗauka da dariya. Mai zarto ya tsinki lemu biyu ya tafi abinsa.
Lemu yana nan. Hukuncina cike rami da gyara daɓen. Shafi ukun kuwa ƙanwata ta hura wuta da su, ni na ba ta.

Lahadi, 16 ga Maris
Bayana kamar an daka. Famfo yana zuba shaa.

Laraba, 19 ga Maris
Tunda yoyo ya tsaya lemu zai ji ƙishi, ganyen har sun ɗan sunkuya. Kowace safiya bokiti biyu nake kai masa, can nesa da bututu, don saiwar ta juyo wannan gefen.
Baba ya tarar da ni ina zubawa. Ya tsaya yana yi wa sabon ɗan haya bayani, wai saiwa hanci gare ta, shi da kansa ya gano. Hanci! Bakina har ya buɗe.
Na ce, "Kusan haka ne, Baba," na jawo masa kujera.
Gajiya ce kawai, ina jin.