Ranar da Takwararki Ta Kurɓi Ruwan Soda

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sabon tabarau, har tana zura zare a allura da kanta.

Yaya, akwai labari, amma ki kwantar da hankalinki, 'yata takwararki tana nan zaune kusa da ni. Kin san ina haɗa sabulun ruwa ina sayarwa. Makonni biyu da suka wuce na jiƙa soda, na juye ragowar a robar lemo, na tura ƙarƙashin teburin kicin, wai sai na gama shanya in ɗauke. Ban shanya riga uku ba na ji ihun yarinyar. Na tarar da ita leɓe ya kumbura, yawu na dalala, ga robar a ƙasa. Maƙwabciyarmu ta ce a ɗura mata manja a sa ta amai. Babanta, da ya baro keken ɗinkinsa ko takalmi babu, ya ce ba abin da za a ba ta. Ya saɓe ta sai asibiti, na bi su da robar a hannu.

Likita ta ce da mun sa ta amai, da sodar ta sake ƙona mata maƙogwaro wajen fitowa. Kwana shida ana ƙara mata ruwa, ko yawunta ba ta iya haɗiyewa. Da aka zura na'ura aka duba, aka ce ƙunar ba ta yi zurfi ba, sai dai mu riƙa komawa, don hanyar abinci kan tsuke daga baya. Ki sa ta a addu'a.

Ni kuwa na kasa haɗa ido da yarinyar. Babanta bai taɓa ce min laifina ne ba. Akwati mai kwaɗo kawai ya kafa can sama don ajiye sodar. Ke ma don Allah ki ɗage ruwan wanke banɗakinki, ga Auta ya fara rarrafe.

Jiya ta cinye ayaba guda, karon farko. Da ta ga ina hawaye, sai ta miƙo min ɓawon, wai in ci in yi shiru.

Inna da Kawu suna gaishe ki. Ki gaishe min da Baban yara da ɗanki Dogo, ki shafa min kan Auta.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.