A Maido wa Dattijo Sok Ranar Lahadinsa

Zuwa ga Alhaji Mamman Sani, shugaban kwamitin zauren taronmu na Bronx.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a, tare da sauran dattawan kwamiti. Ni ne Idi mai shagon takalma a unguwar Fordham, kuma kuka na kawo.

Na farko, tun bara kuka ara wa maƙwabcinmu Dattijo Sok, mutumin Kambodiya, zauren nan duk Lahadi yana koya wa yara kokawar ƙasarsu. Watan jiya kuka karɓe makulli, wai an ce rawar da suke yi kafin a kama tsafi ce. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya kira mu iyaye.

Na biyu, Alhaji, Allah ya ja da ranka, ni fa na gan ka a filin kokawar garin Tawa kana saurayi, layu har gwiwar hannu, kana taka kiɗa kana kirari. Nasu ganga biyu ce kawai, ɗan kokawa ya zagaya fili ya sunkuya ya gaida malaminsa, sannan a kama. Da Sok ya lura yaranmu ba sa sunkuyawa, da kansa ya ce su ɗora hannu a ƙirji, ya isa.

Na uku, ɗana Nasiru. Shekarunsa sha huɗu, in yi masa Hausa ya amsa da Turanci, shi ma a taƙaice. Tun da ya shiga wurin Sok yake zuwa shago yana tambayata yadda muke kayar da mutum a gida. Har kama ni ya yi a tsakiyar kwalaye, ya kusa kai ni ƙasa. Wallahi na ji daɗi. Yanzu ya koma ɗaki da wayarsa, kuma ina tsoron in sake rasa shi.

Roƙona ka zo da kanka ka kalla sau ɗaya, ka zo da liman in ka so, sannan a yanke hukunci. A kokawarsu, idan bayan mutum ya taɓa ƙasa, sai an tambaye shi ko zai sake kafin a tashi wasa. Kun kayar da mu ba ku tambaya ba. To, za mu sake.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

Ƙaninka,
Idi mai takalma