Gimbiya ko Kwaɗo

Sapucai, watan Mayu

Zuwa ga 'yata Zunilda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Babarki lafiya lau, bakinta ma lafiya lau.

Takardarki ta iso. Na karanta ta a ɗaki don in gane, na sake karantawa a ƙofar gida don maƙwabta su san aji ukun da na yi bai tafi a banza ba. Kin ce maigidanku na wurin aiki a Buenos Aires, mai ƙera 'yan jiragen ƙasa kamar tsawon tafin hannu, ya bar miki zaɓin kan jirgi guda cikin namu na da masu cin itace, kuma mazubin ƙira ɗaya za a yi, babu na biyu.

Har sai kin tambaya? Kan jirgin nan da muke kira Gimbiya mana, wadda na yi ƙuruciyata ina ɗura wa itace daga Asunción zuwa Encarnación. Har yanzu in na kishingiɗa bayan na sha tereré, shayinmu mai sanyi, sai in ji ta taso, hayaƙinta na kwanciya a kan gonakin rake, shanu na ɗaga kai. Jiya ma a mafarki ta haye kogi ba gada, ni kuwa ina ciki da farar riga. Nan na gane mafarki ne.

Ki yi Gimbiya, jikokina su ga inda kakansu ya gasu.

Babanki, Eleuterio

Buenos Aires, Yuni

Baba,

Ina gaishe ku da Mama. Maigida ma Gimbiya yake so, ya ce ita za a saya. Amma hoton da muke da shi ya dushe. Yaya kamanninta in tana wucewa? Wane launi ne ƙafafunta?

'Yarku, Zunilda

Sapucai, Yuli

Zunilda 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin kwance wa tsoho zani a kasuwa. Na zauna zan zana miki Gimbiya, sai na ga bakin murhunta kaɗai na sani, da ƙeyar direba. Wanda ke cikin jirgi ba ya ganin wucewarsa.

Sai na tafi wurin babarki, tunda ita ta tsufa tana sayar da chipa, burodin rogo, a tasha. Tana murza ƙullu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Gimbiya? Ban taɓa kallonta ba. In ta taso juya baya nake yi."

Na ce mata, "Don me, uwargida Fidelina?"

"Wa ke kallon ɓarawon da zai tafi da mijinsa kwana da kwanaki? Ka ce wa yarinya ta yi Kwaɗo."

Kin tuna Kwaɗo? Ɗan guntun kan jirgin nan mai jera taragu a cikin tasha, wanda bai taɓa wuce tankin ruwa ba. Can aka jefa ni shekarar da na karye a ƙafa, ina jin kunya kamar zakaran da aka fige. Na ce mata, "Wannan ai butar shayi ce da ƙafafu."

Ta ce, "Butar ce ke sako ka da tsakar rana ka zo ka ci abinci."

Daga nan ta shiga lissafo shi, 'yata: jajayen ƙafafu, bututun hayaƙi ya ɗan karkata hagu, tururi na tsiyaya ta gefe kamar tsoho na shan romo. Idonta a rufe take faɗa, hannu cikin ƙullu. Na tsaya ina sauraro har tereré ɗina ya yi ɗumi.

Na san maigidanku zai ɓata rai, kuma ke za ki sha kallo. Amma na janye Gimbiya. Ta sha yabo ta ƙoshi.

Babanki

Buenos Aires, Satumba

Baba,

Gaisuwa. Mun sha gardama, na yi nasara da ƙyar, Kwaɗo za a zuba. Maigida ya ce a sa ɗan mutum-mutumin mai zuba itace a ciki, ni kuma na ce a ba shi gashin bakinka. Ka yarda?

Zunilda

Sapucai, Oktoba

'Yata,

Na yarda, har na je wurin wanzami. Amma babarki ta ce a bar wurin ba kowa. Wai tsakar rana ce, mutumin yana gida.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki, Eleuterio