Wadda Ta Faɗi Ba Za Ta Ga Teku Ba

Litinin, 7 ga Yuli

Babansu ya samu hutu a ƙarshen wata. An tsayar da magana: tsohon birnin nan na bakin teku, a jirgin ƙasa, tafiya ranar Alhamis, dawowa Lahadi. Ni ba mai son yawo ba ce, kuma ban ga abin da kallon ruwa zai ƙara wa mutum ba. Amma tun farkon zangon karatu na yi wa yaran alkawari, kuma ba na magana biyu. Sharaɗina yana nan: wadda ta faɗi ko da darasi ɗaya ne, ba za ta je ba. Na maimaita musu yau muna cin abinci. Auta ta ce ta ji. Yayarsu ta gyaɗa kai kawai, idonta na kan wata taswira da ta aro daga laburaren makaranta. Na ce ba a karatu a kan abinci.

Laraba, 9 ga Yuli

Aiki ya yi yawa a shago. Keken ɗinki na tsallake zare, na sa masa mai.

Da yamma Yayarsu ta nuna mini hotunan masauki a wayar Babansu. Na farko a bakin rairayi yake, ga mutane kwance rabi tsirara kamar an shanya su. Na ce a wuce. Na biyu akwai wurin kiɗa a ƙasansa. A wuce. Na uku yana cikin tsohon gari, bayan ganuwa, ɗaki biyu da taga mai kallon wani lungu. Babansu ya ce ba a ganin teku daga can. Na ce barci za mu je yi a ɗakin, ba kallo ba. Shi aka kama.

Juma'a, 11 ga Yuli

Yarinyar nan ta haddace garin kamar a can aka haife ta. Ganuwar dutse, tsoffin igwa da ke fuskantar ruwa, gidan tarihi, hasumiyar da a da ake kunna wa jiragen ruwa fitila. Abin da ya fi ɗauke mata hankali wani tsohon sansanin soja ne a kan ɗan tsibiri. Wai ba kwale-kwale ake hawa ba, jira ake teku ta janye da safe, sai hanyar dutse ta bayyana, a taka da ƙafa, a dawo kafin ruwa ya sake cika. Na ce ruwan da ba ya zama wuri ɗaya ba abin yarda ba ne. Ta ce, “Mama, ai yana da lokacinsa, ba ya saɓawa.” Na ce to ya fi wasu mutanen.

Da tana riƙe lissafi yadda take riƙe wannan, da mun huta.

Asabar, 12 ga Yuli

Na yanko yadi mai ruwan toka, wanda ba ya nuna datti. Rigar tafiya uku: tawa, ta Yayarsu, ta Auta. Auta ta so ja. Ba biki za mu ba.

Talata, 15 ga Yuli

Sakamako ya fito. Auta ta ci duka. Yayarsu ta faɗi lissafi. Sauran darussan ba laifi, tarihi ma ita ce ta ɗaya, amma ban ce wadda ta ci tarihi ba.

Ita ta kawo mini takardar har shago, ta ajiye a kan teburin yanka, ta tsaya. Akwai wata mai jiran gwajin riga, shi ya sa na jira sai da matar ta fita. Na tambayi Yayarsu ko ta tuna sharaɗi. Ta ce ta tuna. Na ce to za ta zauna gidan Goggonsu, ƙanwata, har mu dawo. Ta ce to. Na jira kuka, ko ta ce malamin ne ba ya koyarwa, irin abin da yara ke faɗa. Sai ta tambaye ni ko in tana wucewa ta sayo zaren da na ce ya ƙare.

Ta sayo. Daidai launin.

Laraba, 16 ga Yuli

Babansu ya fara. Wai kaɗan ya rage ta haye. Wai ita ta tsara tafiyar tun daga farko har ƙarshe. Wai tun tana ƙarama take zana jiragen ruwa a bayan littattafanta. Na ce duk na sani, ni na haife ta. Yaro in ya ga an ɗaga masa ƙafa sau ɗaya, ya gama sanin maganar uwarsa ba ta da nauyi, gobe kuma abin da zai taka ya fi lissafi girma. Ga Auta tana kallo. In na janye yau, me zan ce mata badi?

Ya ce, “Ke dai da alƙali aka yi ki, da gidan yari ya cika.” Na ce da gari ya zauna lafiya. Na ce ya mayar da tikitinta. Ya ce to, irin “to” ɗinsa.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na ɗinka tawa da ta Auta. Yadin na uku na naɗe na sa a ƙasan kantar shago.

Asabar, 19 ga Yuli

Yayarsu ba ta fasa shirin ba, abin da ban gane ba ke nan. Yau ta zaunar da Auta a tsakar ɗaki tana koya mata hanya: daga tasha a bi ta babbar ƙofar ganuwa, gidan tarihi a fara da shi ranar Juma'a da wuri kafin mutane su cika, tsibiri sai Asabar da safe. Ta ce wa Babansu ya sa takalmi mai kama ƙasa, duwatsun suna da santsi. Ta goge mini mayafai biyu ba tare da na sa ta ba, ta ce iskar can tana da ƙarfi, in ɗauki mai kauri.

Ina daga kicin na ji Auta na cewa ita ma ba za ta je ba in babu Yaya. Na ajiye ludayi zan fito, sai na ji Yayarsu ta riga ni. “Ke kin ci jarrabawarki, za ki je. Kada ki sa Mama magana.” Muryar ma irin tawa. Na koma na ci gaba da abin da nake yi.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na je gidan ƙanwata in gaya mata za a kawo mata Yayarsu ranar Laraba. Ta ce gidanta gidan yarinyar ne, amma ita ba ta karɓar fursuna. Na ce ta iya bakinta. Na ba ta labarin yadda yarinyar ko hawaye ba ta yi ba, na ce taurin kai ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki. “Yaya, kanki kika haifa. Madubi kike kallo kina jin haushi.” Ta ce in tuna ranar da Babanmu ya hana ni zuwa bikin ƙawata, da ya sauko ya ce in tafi, na ce na fasa.

Ban tuna haka aka yi ba. Ita kullum sai ta ƙara gishiri.

Litinin, 21 ga Yuli

Na ba Yayarsu dama. Tana wanke-wanke na tsaya a bakin ƙofa na ce, mutum in ya yi kuskure ya ba da haƙuri, manya sukan duba. Ta ɗauraye kofin da ke hannunta, ta kife shi, sannan ta ce, “Haƙurin me, Mama? Ba laifi na yi miki ba, faɗuwa na yi. Kin faɗi sharaɗi, na ji.” Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Da da rashin kunya ne da na san abin yi.

Na ce to madalla. Na fita.

Tarbiyyar da na ba ta ke nan, ba abin da zan ce. Daidai ne. Daidai ne mana.

Talata, 22 ga Yuli

Na ɓata wuyan rigar wata mata, na yanka shi ya zarce. Rabon da in yi irin wannan tun ina koyo. Na faɗa mata gaskiya, zan sake mata wani.

Na tambayi Babansu tikitin. Wai layi ya yi tsawo a tasha, bai samu mayarwa ba. Mutumin da ke wucewa ta gaban tashar safe da yamma. Ban ja maganar ba.

Yayarsu ta haɗa jakarta ta gidan Goggo: kaya kaɗan da littafin lissafi. Taswirar ta miƙa wa Auta, ta ce ta riƙe da kyau, ta makaranta ce. Da ta juya na ga ta tsaya gaban taga ta daɗe, ba abin kallo a wajen sai bangon maƙwabta.

Laraba, 23 ga Yuli

Na tashi da ciwon gwiwa. Haka na faɗa a wurin karin kumallo.

Babansu ya ce tun yaushe. Na ce tun jiya, taka keken ɗinki ne. Ya ce ai keken na lantarki ne. Na ce ya sha shayinsa. Na ce garin duk matakala ne da duwatsu masu santsi, an faɗa mini, kuma shi zai riƙe Auta, ni wa zai riƙe ni? Ba zan je in karye a garin mutane ba. Ko dai a fasa tafiyar gaba ɗaya, ko a samo mai kama mini hannu.

Auta ta buɗe baki, Babansu ya tura mata burodi.

Na dubi Yayarsu na ce ta saurara da kyau. Sharaɗi bai tashi ba. Yawon buɗe ido an hana ta, kuma hanin na nan. Aiki za ta je: ɗaukar jakata, riƙe ni a matakala, duk inda na zauna nan za ta zauna. In ta dawo, lissafi kullum har a koma makaranta. Ta kalle ni ta kalli gwiwar. Ta ce, “Wacce ce, Mama?” Na ce ta hagu. Ta ce to, bari ta ɗumama ruwa ta gasa mini.

Ta gasa. Ruwan ya yi zafi sosai, na daure.

Na aika wa ƙanwata cewa an fasa kawo ta. Amsar da ta turo ba ta cancanci a rubuta ba. Na wuce shago na ɗinka riga ta uku kafin la'asar. Hannun ya ɗan yi mata gajere, ta ƙara tsawo ban lura ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

Jirgi ya makara. Masauki da tsabta, tagar tana ƙara. Garin na warin kifi.

Juma'a, 25 ga Yuli

Gidan tarihi, ganuwa, igwa. Mai yi wa baƙi bayani ya cika surutu. Matakalar hasumiya ƙunci gare ta, Babansu da Auta suka hau. Na ce ni zan zauna a ƙasa. Yayarsu ta zauna kusa da ni a kan benci, jakata a cinyarta, ba ta ko ɗaga kai sama ba. Ana jin ihun Auta daga can ƙoli. Da muka jima na ce gwiwar ta ɗan saki, zan gwada. Muka hau a hankali, hannuna a kafaɗarta. Daga sama ruwan ba shi da iyaka. Ta ƙura masa ido, ni kuma na gyara mata mayafi.

Asabar, 26 ga Yuli

Mun fita da sassafe muka tsaya a bakin gaɓa tare da wasu baƙi. Ruwan ya janye a lokacin da ta ce. Hanyar ta fito, baƙaƙen duwatsu jiƙe, ƙananan kaguwa na gudu a tsakaninsu. Babansu da Auta suka yi gaba. Mu muna baya, tana riƙe da ni ta hagu, tana taka irin takuna, idonta na kan ƙafafuna ba kan tsibirin ba.

A tsakiyar hanya ta saki hannuna ta zagayo ta dama ta kama. Sai a lokacin na lura da ƙafar da nake ɗingisawa: ta dama ce.

Muka ƙara tafiya kaɗan. Na karɓi jakata na ce ta je can gaba ta duba mini ko akwai wurin zama a cikin sansanin, kuma ta duba ko'ina da kyau, kada ta dawo mini da rabin bayani. Ta tsaya tana kallona. Na ce aike ne, ko ba ta ji ba?

Ta tafi da gudu, riga na tashi, ruwa na fantsama har gwiwarta. Budurwa kamarta, a gaban mutane. Ba kyan gani ko kaɗan.

Ban kira ta ba.